Kan yaranka da suka iya hadda

Ƙanena naga saƙonka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kace sati uku kenan da fara TP ɗinka, wato gwajin koyarwa, a darasin tarihi, 'yan SS2 sun haddace 1804 (fara jihadi) da 1903 (cin Sakkwato da Turawa suka yi) da 1914 (haɗe Arewa da Kudu) kamar karatun allo, amma da kace musu "me ya sa" sai aji yayi tsit. Ai ba laifinsu bane, tun firamare "yaushe" da "waye" ake tambayarsu kuma shi ke kawo maki.

Ni bana shiga aji da amsa, da rigima nake shiga. Ɗauko wasiƙun da Shehu al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello na Sakkwato suka yi ta aika wa juna lokacin jihadi. Al-Kanemi yace mu fa musulmi ne, muna sallah muna azumi, saɓo baya mai da mutum kafiri, to da wace hujja kuke yaƙarmu? Bello yace ai sarakunanku sun mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ga kuma al'adun da suka cakuɗa da addini. Ka rubuta hujjojin biyu a allo gefe da gefe, ka raba ajin gida biyu, kuma kar ka bari kowa ya zaɓi ɓangare, Bafillatani ka bashi Borno ya kare, Babarbare ka bashi Sakkwato. Za'a yi hayaniya har firinsifal ya leƙo ta taga, ƙyale su. Sai sun gaji sannan ka jefa musu wannan: wasiƙun nan a Infaƙul Maisuri aka fi karanta su, kuma Bello ne ya rubuta littafin, to wa ya zaɓi abin da ya shiga ciki? Amma kayi saurin gaya musu ba zargin kowa kake ba, so kake su saba tambayar a hannun wa labari ya biyo, in ba haka ba gobe wani uba zai zo makaranta nemanka wallahi.

Labarin Bayajidda ma haka, in jikansa Bagauda ne ya fara sarauta a Kano, su Barbushe da aka tarar a gindin Dala su wane ne?

Sibik kuwa, darasin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, ya fi sauƙi. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 yace tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, sashe na 6 kuma ya hana kotu shiga maganar babin da sashe na 14 ɗin ke ciki. Karanta musu duka biyun kace to meye amfaninsa.

In kayi tambaya ka ƙirga goma a ranka kafin ka buɗe baki, nan ne ku sababbi kuke faɗuwa, shirun ke baku tsoro sai ku amsa wa kanku. Minti goman ƙarshe kuma ka basu shekarun su kwafa, don WAEC tana nan tana jira. Ka turo min lesin not ɗinka na Litinin in duba kafin sufabaizanka ya zo.