Ina zan samu irin kayan miya na da a Maradi?

Tambaya: Malam, ina zaune a unguwar Zariya, ina da ƴar garka a bayan gida. Irin guro da gauta nake nema, wanda kakata ke shukawa muna yara. Duk shagon da na shiga sai irin gwangwani da na leda. Ina zan dosa?

Amsa: Hajiya, daina wahalar da ƙafarki a shaguna. Tsohon iri yana hannun tsofaffin mata da masu garka, cikin gora ko ƙullin tsumma da aka soke a rufin ɗaki. Fara da garin kakar taki. In wata sa'arta na raye, kai mata goro da sabulu, ki zauna ku yi hira, ki faɗa mata sunan da ake kiran guron a gidanku. Sunan nan shi ne igiyar da za ki bi, don iri ɗaya yakan canza suna daga wannan gari zuwa wancan.

In can bai yi ba, bi gulbi: Sumarana, Jiratawa, Tsibiri, har bakin tabkin Madarumfa. Kada ki raina yankin nan, farar albasar Sumarana da sunan garin aka san ta har a takardun masana, kamar yadda aka san ta Galmi. Sai dai ki je lokacin da shuka ke tsaye, ki ga guron a jikin uwarsa, ki karya guda ki ji yauƙinsa a yatsa. Ƙwayar iri a tafin hannu duk kamarsu ɗaya, shi ya sa nake ɗari-ɗari da irin da ake aunawa da murfin kwalba ranar kasuwa. Akwai na kirki a ciki, akwai kuma wanda aka tsame daga tumatir ɗin F1. Wannan aure ne aka haɗa tsakanin iri biyu, ƴaƴansa ba sa gadon uwa: bana ya yi kyau, baɗi kowane gindi da kamarsa. Tambayi mai sayarwa shekara nawa irin ya yi a gidansu. Wanda ya gada ba ya inda-inda.

Ki leƙa cibiyar INRAN, hukumar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna, da malaman noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ƙarfin aikinsu ya fi karkata ga hatsi, wake da gujiya, amma suna yawo ƙauyuka, sun san wa ke riƙe da me.

In kin samu, gwada kafin ki zuba a ƙasa. Ƙirga ƙwaya 20, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kina yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 zuwa 10 ki buɗe (gauta na da nawa, ƙara mata kwanaki). In 15 sun tsiro, iri ne. In ba su kai 10 ba, ya tsufa. Na albasa ne ya fi saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara guda a zafinmu, guro kuwa yana jure ƴan shekaru in ya bushe sarai.

Sauran aiki na wuyanki. Ware gindi biyar ko shida mafiya kyau ki ɗaura musu ƙyalle, a gargaɗi yara kada wanda ya taɓa. Bar guron ya bushe a jiki har ya fara tsagewa, gautar kuma ta nuna ta wuce ci. Shanya a inuwa, gauraya da toka, zuba a kwalba mai murfi, rubuta sunan iri da shekara. In za ki ƙara da kabewa, kada ki shuka kala biyu kusa da juna, zuma za su cakuɗa miki su. Sannan in Allah ya kai mu kaka, ki mayar wa tsohuwar da ta ba ki ƙulli guda, ki ba maƙwabciya guda, don ranar da ɓera ya shiga naki ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.