Cokali nawa ne "ɗiba ɗaya" na ayis kirim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Ringim. Tun bayan da na yaye ɗana na huɗu jikina ya buɗe sosai, na je asibiti aka ɗora ni a sikeli aka ce in rage ƙiba saboda jinina ya fara hawa. Ƙanwata da ke karatu a Dutse ta sa min wata manhaja a waya da nake rubuta abin da na ci tana lissafa min kalori, wato awon ƙarfin da abinci yake ba jiki. Matsalata ayis kirim ce, maigida duk ƙarshen sati in zai dawo daga Kano sai ya taho mana da babbar roba a kula, mu ajiye a firizar maƙwabta mai sola. Manhajar ta ce ɗiba ɗaya kalori 137 ne, ni kuma da cokalin miya nake ɗiba, wani lokacin ma ya narke sai dai in tsiyaya a kofi. Ya zan gane nawa na sha? Ko dai in haƙura da shi kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya yara. A'a ba sai kin haƙura ba, kuma dan Allah kar ki ce wa maigida ya daina, mutumin da ya ɗauko kula tun daga Kano cikin wannan zafin ai ya yi ƙoƙari. Gyara awon kawai za mu yi.

Wannan 137 ɗin da kika gani ba ƙarya ba ne, amma ba na cokalinki ba ne. Lissafin Amurkawa ne na rabin kofinsu, wato kamar mililita 120, wanda nauyinsa yake kamawa giram 66 na ayis kirim mai vanila na gama-gari. Su kansu ma a 2016 hukumarsu ta abinci da magunguna ta canja awon da ake rubutawa a jikin roba daga rabin kofi zuwa kashi biyu cikin uku na kofi, saboda sun lura ba mai tsayawa a rabin. To kin ga in su masu kofin awo a kicin abin ya gagare su, ina ga mu da cokalin miya, wanda yau ki ɗebo shi a shafe gobe ki ɗebo ya yi tozo kamar kwanon mai awo ranar da ya ga babbar kwastoma.

Amma babban abin da yake rikita lissafin nan ba ma cokalin ba ne, iska ce. Eh iska. Lokacin da ake haɗa ayis kirim inji yana kaɗa madarar yana daskarar da ita a lokaci guda, kamar dai yadda kike kaɗa ƙwai ya tashi ya yi kumfa, iskar nan ita ke sa shi laushi, in babu ita da dutsen ƙanƙara za ki samu. Masu araha sukan cusa iska har ta kai rabin abin da ke cikin robar, lita ɗaya ta madara ta koma lita biyu. Masu tsada kuma iskar kaɗan ce, maiƙon ya fi yawa. Shi yasa za ki ɗauki roba biyu duk an rubuta lita 1, ɗaya sakayau kamar burodin tasha, ɗayar kuma da nauyinta a hannu. Ta farkon za ta iya yin giram 550, ta biyun ta haura giram 850. Iska ba ta da kalori, madara da sukari da maiƙo su ke da shi, maiƙo giram ɗaya kalori 9, sukari giram ɗaya kalori 4. Sai ki ga kofi ɗaya, cika ɗaya, na wannan robar kalori 110 na waccan ya wuce 200. Ido ba zai taɓa gaya miki wannan ba, nauyi ne kawai zai faɗa.

Saboda haka ni abin da nake ce wa duk wadda ta zo min da wannan maganar, ta sa a sayo mata ƙaramin sikelin kicin mai batir, irin wanda masu yin kek da cincin suke amfani da shi, ana samu a wajen masu kayan kicin a Kano. Akwai wani maɓalli a jikinsa da ake dannawa ya koma sifili. Ki ɗora kofinki babu komai, ki danna ya koma 0, ki zuba, lambar da ta fito ita ce giram ɗin da za ki sha. Ko kuma dabarar da na fi so, ki ɗora robar gaba ɗaya ki danna sifili, ki ɗiba, ki mayar da robar kan sikelin, zai nuna miki abin da ya ragu, wannan har da wanda kika lashe a cokali kina tsaye, wanda dama shi ne ba ya shiga manhaja. Lissafin kuma ba wahala, ayis kirim na gama-gari giram 100 yana kamawa kalori 200 da 'yan kai, wato duk giram ɗaya kalori 2. Kin ɗebi giram 70, kin sha 140. Kin ɗebi 150, kin sha 300, ki rubuta 300 ɗin kar ki yi wa waya kara.

Ki duba bayan robar ma, in akwai rubutu. Abu biyu za ki lura da su. Wasu "100g" suke rubutawa wasu "100ml", kuma ba ɗaya ba ne saboda iskar nan da na faɗa, in na ml ne lambar za ta fito ƙarama ta yi miki daɗin gani. Sannan akwai layin kJ akwai layin kcal, awo biyu ne na abu ɗaya, na kcal ɗin shi ne kalori, shi ne naki, kJ ya ninka shi sau huɗu da ɗan ɗori, na taɓa ganin wadda ta kusa kuka ta ɗauka kalori 800 ta sha a ɗan kofi alhali layin kJ ta karanta.

To in sikelin bai samu ba fa? Sai mu koma rabo irin na gida. Ranar da robar ta iso tana da ƙarfinta, ki sa wuƙa a ruwan zafi ki tsaga saman gida takwas kamar ana rabon alkaki. Robar lita 1 mara nauyin nan gaba ɗayanta kalori 1,100 ne ko kusa da haka, gida ɗaya ya kama kamar 140. Ki cire gidanki ki sa a ƙaramin kofi, ki rufe robar ki aika yaro ya mayar. Ke ma Allah ya taimake ki firizar ba a ɗakinki take ba, kunyar aike gidan maƙwabta sau biyu a dare ɗaya kaɗai ta isa ta tsare ki. Gwangwanin madarar ruwa ma awo ne mai kyau tunda girmansa ba ya canjawa kamar cokali, a shafe ba tare da kin danna ba yana ɗaukar kamar giram 85 zuwa 90 na mara nauyin, ki rubuta 180. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zama da roba a cinya ana hira ana kai cokali, wallahi ko ni da nake wannan aikin in na yi haka sai dai in ji cokali ya taɓa ƙasa.

Yanzu maganar narkewa, nan ne nake so ki buɗe kunne. In ya narke iskar ta fice, abin ya sauka ya koma ruwa mai kauri, kofin da a daskare zai ɗauki giram 70 yanzu zai iya ɗaukar kusan ninkinsa. Wato ranar da kika tsiyaya a kofi kika shanye kina ganin ai ruwa ne, ranar kika fi sha. Kin lura kuma narkakken ya fi zaƙi har ya ginshe ki? Ba sukari aka ƙara ba, sanyi ne yake dakushe harshe, shi yasa kamfanoni suke zuba sukari da yawa dan a ji shi a daskare. A giram 100 akwai sukari wajen giram 20, cokalin shayi biyar kenan, wani ɓangaren na madarar ne amma mafi yawa zubawa aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi.

Kuma ba kalori kaɗai ba, madara ce. Daga Kano zuwa Ringim a kula cikin zafin Afrilu, in ƙanƙarar ta ƙare a hanya ya iso ya zama ruwa tsululu ya ɗau ɗumi, kar a mayar da shi firiza a ce gobe a sha, daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Alamar wanda ya narke ya sake daskarewa ba ta ɓuya, za ki ga ya janye daga bakin roba, ya yi tauri, da ƙanƙara-ƙanƙara a sama kamar yashi. Mai ciki da ƙananan yara su ne abin ji a nan. In da ɗan laushi kawai ya iso kuma da sanyinsa, wannan ba komai.

Wani abu da zan tambaye ki tunda ba ki faɗa ba, shayin safe fa, sukari nawa kike jefawa? Furar rana da ake damawa da sukari cokali uku, da lemon kwalba in an yi baƙi, wanda babbar robar 50cl ɗaya sukarinta ya kai giram 50? Sau da yawa in na zauna da mace muka bi abincinta na sati sai mu tarar ayis kirim ɗin ranar Asabar ba shi ne ɓarawon ba, shi dai ya fi fitowa fili ne saboda daga birni ya zo. Gida ɗaya sau biyu a sati kalori 280 ne, shayi mai sukari cokali huɗu kullum kuwa ya haura 400 a sati tun kafin a zuba madara. Ki rubuto min abin da kike ci daga safe zuwa dare na kwana uku, har da man da ake zubawa a miya in kin iya kimantawa, da abin da aka ce miki jinin ya kai ranar da aka gwada.