Amsa kan ƙirga sifon (ƙwaya mai barci cikin ɓawo) bakteriyar Clostridium: kafin ka zargi abincin shuka, duba tulunka

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka: ka ɗumama samfurin yaji da kilishi, ka shuka a TSC (wani abincin shuka, wato abin da ake renon ƙwayoyin cuta a kai a faranti), ka saka a tulun kyandir (tulun da ake kunna kyandir a ciki a rufe don rage oksijin), kwana biyu faranti fayau, kana neman a faɗa maka abincin shukar da ya fi. Na daɗe ina wannan aiki a ɗakin gwajin abinci, kuma gaskiya ban ga laifin TSC a nan ba tukuna.

Tulun kyandir ɗin nan ka ajiye shi. Kyandir na mutuwa ne alhali da sauran oksijin mai yawa a ciki, ƙwayoyin Clostridium kuwa ba sa shiri da ita. Ni ma na taɓa yin wannan a wani wurin da na fara aiki, sati uku ina canza abinci, ashe iska ce ke kashe min aiki. Nemi tulu mai robar murfi mai kyau da fakitin GasPak mai cinye oksijin ko makamancinsa, ka jefa 'yar takardar alama a ciki. Mai shuɗin metilin in ta koma fari, ka samu. In ta tsaya shuɗiya, kada ma ka wahalar da kanka da ƙirga. Abincin ruwa kuma da ya kwana a firji, tafasa shi kamar minti 10 iskar ta fita, ka huce shi da sauri, ka shuka nan take.

Sai ɗumamawa. Sifo ƙwaya ce da ta naɗe kanta cikin ɓawo tana barci, zafin yana kashe waɗanda ke farke ya kuma tashe ta. Digiri 80 na minti 10 shi ne abin da aka saba. Amma fara duba agogo daga lokacin da abin da ke cikin kwalbar ya kai 80, ba daga lokacin da ka tsoma ta ba. Ni nakan sa wata kwalba a gefe da ruwa daidai wannan yawan, da ma'aunin zafi a cikinta.

To, abincin fa? Ya danganta da wanda kake nema. In Clostridium perfringens kaɗai ne, TSC ya isa. Salfait da ƙarfen da ke ciki su ke mayar da ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro baƙi ƙirin, maganin saikuloserin kuma ya danne sauran ƙwayoyin da ba a gayyata ba. Zuba wani siririn aga (abincin mai daskarewa) a sama bayan na farko ya daskare, ka ajiye a digiri 37, ka ƙirga wajen awa 20 zuwa 24. In ka bari ya kwana biyu, baƙin kan malale ya cinye farantin, ba ka san ɗaya daga goma ba.

Sai dai ga inda mutane ke tuntuɓe: kilishi ya riga ya sha rana da wuta, kai kuma ka ƙara masa wani zafin. Sifon da ya ji rauni haka ba ya son abinci mai maganin dannewa. Shi ya sa ni nake fifita abincin shukar da ake kira RCM, wanda Hirsch da Grinsted suka haɗa a 1954, ko ƙaninsa DRCM na Gibbs da Freame na 1965, mai nuna baƙi. Akwai sitaci a ciki da ke tsotse abubuwan da ke hana sifo tsira, da sistayin mai rage oksijin. Yaji ma kansa, da citta da kanumfarin da ke cikinsa, yana iya danne tsiro, har ka ga farantin da aka fi sirkawa ya fi na farko cika. Kada wannan ya ruɗe ka. Wasu kan ƙara sinadarin laisozayim kaɗan don taimakon sifon perfringens da zafi ya raunata, kuma yana aiki.

In kana zaton sifon kaɗan ne, bar faranti ka koma kwalabe, uku-uku a kowane sirki, ka toshe saman da narkakken farafin, ka karanta da teburin MPN, mai ƙiyasta yawan ƙwayoyin daga adadin kwalaben da suka tsiro. Wannan yana son haƙuri, DRCM har kwana 7 nake ba shi. Kuma ba duk baƙi ko gurɓacewa ce Clostridium ba, wasu Bacillus na tsira babu iska, don haka ɗebo ka sake shukawa a inda iska take ka gani ko za ta tsiro.

Gobe in ka shiga, haɗa faranti ɗaya na ƙwayar da ka tabbatar da ita a cikin tulun tare da samfuranka. In ita ma ba ta fito ba, turo min hoton robar murfin.