Tambaya da Amsa: In rubuta kuskuren a log ne ko in jefa shi gaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Zariya ina koyon Java, ina haɗa wata 'yar manhaja ta karɓar kuɗin makaranta. Duk inda na buɗe fayil ko na taɓa databes sai kwamfaila, wato manhajar da take duba kod ta fassara shi, ya ƙi wucewa wai sai na sa try da catch, amma NullPointerException ba abin da ya gargaɗe ni sai da manhajar ta tsaya cak. Kuma duk catch ɗin da na yi ina rubutawa a log, wato inda manhaja take ajiye bayanin abin da ya faru, sannan in sake throw, wato in jefa kuskuren gaba, yanzu log ɗin ya cika maƙil na kasa gane komai. Dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Eksepshan, wato kuskuren da yake tasowa manhaja tana cikin aiki, a Java iri biyu ne, akwai wanda kwamfaila yake cekin da wanda ba ya cekin. Su IOException da SQLException ana cekin ɗinsu, dole ko ka kama da catch ko ka rubuta throws a kan metod ɗin, saboda abu ne da zai iya faruwa ko da kod ɗinka ba shi da aibu, fayil ya ɓace ko netwok ya ɗauke. Duk wanda ya fito daga zuriyar RuntimeException kuwa, irin su NullPointerException da IllegalArgumentException, ba a cekin, don yawanci laifin mai rubutun ne. Irin wannan ba kama shi ake ba, gyara kod ɗin ake yi.

Ba kowa ne ya yarda da tsarin ba fa, C# da Kotlin da Python duk ba su da wannan tilas ɗin, ita kanta Java a Java 8 ta 2014 sai da ta ƙaro UncheckedIOException, wanda ake nannaɗe IOException a cikinsa don ya zama marar cekin.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne maganar log ɗin nan. Ka zaɓi ɗaya, ko ka rubuta ko ka jefa, kar ka haɗa biyun a wuri ɗaya. Ka ga idan metod ɗin da yake magana da databes ya rubuta ya jefa, na samansa ya kama ya rubuta ya jefa, na can sama shi ma ya rubuta, to kuskure ɗaya ya fito sau uku kowanne da dogon jerin layukansa, kai kuma da ka zo bincike sai ka ɗauka matsala uku ce, wannan shi ne ya cika maka log. Wanda zai yanke hukunci shi ne zai rubuta, wato wurin da ake cewa a sake gwadawa ko a nuna wa mai karɓar kuɗi saƙon "biyan bai shiga ba". Sauran na ƙasa su jefa kawai, in za su nannaɗe shi cikin wani sabo to su haɗa da na asalin, kamar haka: throw new RuntimeException("an kasa ajiye biyan ɗalibi", e). Wannan e ɗin na ƙarshe in ba ka sa shi ba ka ɓatar da sawun inda abin ya faro.

Haka wajen rubutawa, ka ba logger, wato abin da yake rubuta log ɗin, e gaba ɗaya, kar ka tsaya a e.getMessage(), don wani lokaci null kawai zai ba ka. Ka sa lambar rasit a saƙon, amma kalmar sirri ko lambar katin banki kar su kuskura su shiga log. Catch kuma da ba komai a cikinsa wallahi ya fi duk waɗannan muni, kuɗi bai shiga ba manhaja ta yi shiru iyaye sun tafi da rasit.

Tunda harkar kuɗi ce, in ka kai ga Spring, wato tsarin da ake gina manhajojin Java a kansa, ka kula da @Transactional, a yadda ya zo yana warware abin da aka fara rubutawa a databes ne idan eksepshan marar cekin ya tashi, mai cekin kuwa ba ya warwarewa sai ka sa masa rollbackFor da hannunka.