Likitan da ya binciki ciwon zuciyar masu jego a Zariya

Malam, ka tambayi sunan Baturen likitan nan da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, wanda ake dangantawa da binciken wankan jego. Farfesa Eldryd Parry ne, ɗan Birtaniya. Ya yi aiki a Ibadan da Adis Ababa kafin ya zo Zariya a 1969, lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada. A 1977 ya tafi Ilorin ya shugabanci sabuwar makarantar likitanci, daga nan sai Kumasi a Ghana. Ya rasu a 2022.

Abin da shi da abokin aikinsa Dakta Davidson suka lura da shi: mai jego tana shan kunun kanwa, ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, har kwana arba'in. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, sai ta gaza. Amma kada a ɗora komai a kan kanwa, domin ciwon yana kama wadda ba ta taɓa sha ba. Mai jego in ta fara haki, ƙafafu suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, a dakatar da kunun, a kai ta asibiti a ranar.