Amsa ga Hajiya kan yadda za ku auna aikin ƙungiyarku

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki: ƙungiyarku ta shekara uku tana tallafa wa marayu da zawarawa, yanzu wani mai niyyar ba ku tallafi ya ce ku nuna masa abin da kuka cimma, kuka duba ba ku da komai sai hotuna da rasitai. Na ga wasu sun ce ki tara jimillar buhunan da kuka raba ki aika masa. Ki yi haƙuri, ni ban goyi bayan haka ba, don na taɓa faɗawa wannan ramin.

Shekarun baya ina sakataren wata 'yar ƙungiya a unguwarmu. Muka yi karo-karo muka sayi kekunan ɗinki muka raba wa zawarawa. An kafa rumfa, mai unguwa ya zo, an yi addu'a, an ɗauki hoto, kowa ya watse yana murna. Bayan kamar wata takwas sai wani dattijo cikin masu ba mu gudummawa ya tambaye ni, "Malam, nawa ne a cikinsu ke cin abinci da keken?" Na yi tsuru-tsuru. Da muka bi gida-gida, wata ta sayar ta biya kuɗin haya, wata ta sayar ta kai yaro asibiti, wata kuma ta lulluɓe nata da zane ana ɗora kwanuka a kai. Akwai wadda ta ce mana ita sana'arta ƙuli-ƙuli ce, da injin markaɗe muka ba ta da ta fi murna. Waɗanda keken ya amfana su ne waɗanda dama sun iya ɗinki. Ban ga laifin ko ɗaya ba, mu ne ba mu tambaye su ba kafin mu saya. A takarda mun ci nasara ɗari bisa ɗari, tunda abin da muka auna shi ne rabo.

Inda na fara gane yadda ake awo na gaskiya shi ne lokacin da na yi aikin sa-kai a wata cibiyar kula da yara masu tamowa. A can ba wanda ke alfahari da yawan katan-katan na abincin gyaɗar nan da aka raba, don kowa ya san wani yakan ɓulla a kasuwa. Ana ɗaura wa yaro ma'auni mai launi uku a damtse. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowarsa ta yi tsanani. Ana rubutawa ranar da ya zo, ana sake aunawa duk mako. Ƙa'idar Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ta ce cikin yaran da suka fita daga shirin, sama da kashi 75 cikin 100 su kasance sun warke, waɗanda suka rasu su gaza kashi 10, waɗanda aka daina kawowa su gaza kashi 15. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Ana ƙirga uwar da ta daina zuwa, har a bi ta gida a ji ko kuɗin mota ne ya hana ta ko aikin gona. Mu kuwa a ƙungiyoyinmu, wanda ya ɓace sai mu share sunansa mu sa wani, rahoto ya fito tas.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke wannan kuskuren. A yammacin Kenya an taɓa raba littattafan karatu a makarantun firamare, masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka tarar makin yawancin yara bai motsa ba, sai na 'yan gaban aji, don littattafan da Turanci aka rubuta su, yara da yawa ba sa iya karantawa. A wannan yankin dai, maganin tsutsar ciki mai arha ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Irin wannan bin diddigin ne ya sa aka ba Kremer da Esther Duflo da Abhijit Banerjee kyautar Nobel a 2019.

To ku da ba ku da kuɗin bincike fa? Littafin rubutu ɗaya ya isa. Kowane maraya ya samu shafinsa: ajin da yake ranar da kuka ɗauke shi, ko yana iya karanta ɗan sakin layi da Hausa, kwana nawa ya je makaranta a zango. Wannan a rajistar malamin aji za ku duba, kada ku tsaya ga bakin mai riƙonsa. Bazawara kuma a rubuta abin da take samu a mako kafin a ba ta jari, a koma bayan wata shida da bayan shekara. Ku lura da lokaci: in kun auna da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuka sake aunawa da kaka, za ku ga kowa ya murmure ku ce aikinku ne, alhali girbi ne.

Abu mafi wuya shi ne kunya. In wanda ya ba da kayan shi ya koma tambaya, amsar ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, mun gode, Allah ya saka." Ba wadda za ta kalli idonki ta ce keken bai yi mata amfani ba. Mu sai da muka tura wasu 'yan mata biyu da ba su halarci rabon ba, sannan gaskiya ta fito.

Mai niyyar ba ku tallafin zai iya tambayarku kashi nawa na kuɗin ya tafi kan gudanarwa. Ku faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, amma kada ku ji kunyar kuɗin mota da katin waya na masu bibiya. Ko a Amurka, a 2013, manyan cibiyoyi uku masu tantance ƙungiyoyin agaji, ciki har da Charity Navigator da GuideStar, sun fitar da wasiƙa suna jan kunnen masu bayarwa kada su auna ƙungiya da wannan kason kaɗai. Takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da rahoton shekara-shekara kuwa suna nuna kuna bin doka ne kawai.

Tunda lokaci ya ƙure muku, ki rubuta sunayen duk waɗanda kuka taimaka a 'yan takardu, a zuba a ƙwarya, wani yaro ya zaro ashirin ko talatin. Ku ziyarci waɗannan a cikin mako biyu, har da wanda ya tashi daga unguwar, ku rubuta abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi. Da muka kai wa dattijon nan irin wannan takardar, ya karanta ya yi shiru, sannan ya tambaye mu nawa ne kuɗin injin markaɗe.