Me ya sa manyan ƙasashe suka yi dafifi a Jibuti?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo cewa Amurka da Sin da Faransa duk suna da sansanin soja a Jibuti. Ƙasa ƙarama haka, me suke nema? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Ɗana, ɗauko taswira ka sa yatsa inda Bahar Maliya ta ƙare ta kudu. Wannan ɗan mashigin shi ne Babul Mandab, faɗinsa bai wuce kilomita 30 ba, Jibuti a wannan gaɓa, Yemen a waccan. Jirgin da ya taso daga Asiya zai bi mashigin Suwez zuwa Turai, dole ya ratsa nan. Ka tuna tun ƙarshen 2023, da 'yan tawayen Houthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari, kamfanoni da yawa sai da suka koma zagaye Afirka ta kudu.

Jirgin yaƙi kuwa, komai girmansa, yana buƙatar mai da abinci da wurin gyara kusa da inda yake sintiri. Shi ya sa Faransa ba ta kwashe sojojinta ba bayan 'yancin kan 1977. Amurka na zaune a sansanin Camp Lemonnier, Japan ta buɗe nata a 2011 saboda 'yan fashin tekun Somaliya, Sin kuma ta zo a 2017, sansaninta na farko a waje.

Ita Jibuti kuɗin haya take karɓa. Yarjejeniyar 2014 kaɗai ta sa Amurka biyan dala miliyan 63 duk shekara. Ni abin da ke ba ni dariya, tsakanin sansanin Amurka da na Sin 'yan kilomitoci ne kawai, kowa na leƙen maƙwabcinsa.